Ranar da Baffa Ya Tone Ƙofar Gidan Duƙa

Idan ka sauka a tashar Kankiya ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka garinmu, zai tambaye ka wace unguwa. Amma idan ka ce masa Gidan Duƙa, ba zai ƙara tambayar komai ba, sai dai ya dubi tsawonka ya yi murmushi ya tayar da mashin. Garin ƙarami ne, yana tsakanin Kankiya da Kusada, kuma duk kwatancen da ake yi a cikinsa daga ƙofar gidanmu yake farawa. Masallacin Juma'a yana gabas da Gidan Duƙa. Mai injin niƙa yana bayan Gidan Duƙa. Masu kawo amarya daga wani gari, a Gidan Duƙa ake ce musu su tsaya su yi tambaya.

A gidan aka haife ni, a nan aka haifi babana, kuma kakansa ne ya gina shi. Ɗakunan ciki duk an sake su da bulo da kwano tun ina ƙarama, zauren ne kawai ya rage yadda yake: ginin ƙasa mai kaurin bango, da zankwaye a sama, da rufin azara da hayaƙi ya mayar baƙi. Ƙofar zauren ita ce ta ba mu suna, don iyakarta ƙirjin babban mutum. Duk wanda zai shiga sai ya duƙa.

Baƙo yakan ga ƙofar tun daga nesa, ya shirya, ya dafe hula ya sunkuya, yana ganin ya gama da ita. Abin da bai sani ba shi ne bangon yana da kauri, kuma azarar ƙofar biyu ce. Ta waje kowa na ganinta. Ta ciki tana cikin duhu, ta ɗan fi ta wajen saukowa, kuma ita ce ke jiran wanda ya yi gaggawar ɗago kai. Ta yi santsi har tana sheƙi, kuma ba wanda ya taɓa shafa mata mai.

Mu 'yan gidan ba ma karo da ita. Jikinmu ya haddace ta tun muna rarrafe. Illar kawai ita ce mun tafi da ɗabi'ar ko'ina. Ranar da na fara koyarwa a wata firamare a Kusada, na duƙa zan shiga ofishin hedimasta, ƙofar da ko raƙumi zai wuce ta a miƙe. Wani dattijon malami da ke zaune a ciki ya dube ni ya ce, “Malama, ba sai kin faɗi gidanku ba.”

Mai tsaron ƙofar, duk da ba wanda ya naɗa ta, ita ce Gwaggo, yayar babana. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ta shimfiɗa tabarmarta a kusurwar zaure tana sayar da daddawa da kuka. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ita ko duƙawar kirki ba ta yi, ɗan karkatar da kai kawai take ta wuce. Aikinta shi ne idan baƙo ya yi sallama ta ce, “A duƙa dai.” Sai dai mu mun san sirrin. Wanda take so, tun yana waje take faɗa masa, har ta ƙara da cewa akwai ta ciki. Wanda ba ta damu da shi ba, sai ya sa kai take faɗa. Wanda kuwa ba ta so, sai an ji ƙum, sannan ta ce cikin tausayi, “Ayya, a duƙa dai.” Daga nan ta miƙa masa cokali ya danna wurin kada ya yi ƙullutu.

Fulani masu tallar nono ba su taɓa buƙatar gargaɗinta ba. Sukan sauke ƙwarya su riƙe ta a gaba, su wuce kamar ruwa, ko ɗigo ba ya zuba. 'Yan siyasa ne abincin azarar. Lokacin zaɓe sukan zo neman albarkar gidan da manyan huluna, kuma Gwaggo ba ta taɓa nuna bambancin jam'iyya ba, kowa sai ya ji a goshinsa. Mijina ma, lokacin da yake zuwa zance, ya shiga lafiya sau da yawa don an yi masa gargaɗi. Ranar da ya zo bai tsaya ya gaishe ta da kyau ba, wajen fita ya waiwayo yana yi mini sallama, ita kuma ta ga dama ta sunkuyar da kai tana ƙulla daddawa. Har yau idan ana maganar Gwaggo yakan kai hannu ƙeyarsa.

Dalilin da ya sa ƙofar take haka, kowa da nasa labarin. Babana, wanda malami ne mai sanyin hali, yakan ce kakansu ya yi ta ne don duk mai shiga gidan ya tuna da tawali'u. Ba ya ƙarawa a kan haka. Labarin Gwaggo ya fi daɗi, shi ya sa ya fi yaɗuwa. Ita cewa take a zamanin Turawa akwai wani Bature mai zagayen haraji da ya saba a zube a gaishe shi. Kakansu ya rantse shi ba zai durƙusa wa kowa ba sai Allah, ya gina ƙofar a gajarce, ya zauna a ciki ya ƙi fitowa. Baturen ya gaji da jira, dole ya tuɓe hularsa ya duƙa ya shigo, ya tarar da tsoho a zaune yana cewa, “Mun amsa gaisuwa.” Ina ƙarama Baturen shi kaɗai ne. Kafin in gama sakandare ya samu tafinta da dogarai. Lokacin aurena har doki gare shi, kuma dokin ma ya durƙusa.

Labari na uku na Baffa ne, autansu babana. Shi cewa yake tsohon gajere ne kuma marowaci, ƙasar gini ce ta ƙare masa ya ƙi sayen wata. Baffa yana da hujjar jin haushi. Shi ne mafi tsawo a zuriyarmu kaf, kuma ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Kaduna da kudu, har jikinsa ya manta da darasin ƙuruciya. Da ya bar tuƙi ya dawo gida, kusan kullum sai azarar ciki ta gaishe shi. Goshinsa ya yi wani baƙin tabo a tsakiya. Baƙi a kasuwar Kankiya sukan gan shi su ɗauka tabon salla ne, har su roƙe shi addu'a. Gwaggo ce take bin su tana gyara musu fahimta.

Baffa ya sha kawo maganar a fasa saman ƙofar a ɗaga ta. Babana yakan ce a bari a gama damina. Idan an gama damina ya ce a bari a gama girbi. Haka suka yi ta yi har wata shekara, da rani, wasu mutane masu kula da kayan tarihi suka zo daga birni. Sun ji labarin gidan ne, suna zagaya tsofaffin gine-gine. Suka auna bango, suka ɗauki hotuna, shugabarsu wata mata mai gilashi ta zauna a tabarmar Gwaggo ta kunna rikoda a waya. Gwaggo ta gyara zama. A labarin da ta bayar ranar, Baturen ya zo da jar fuska da sanda mai kan azurfa, kuma da ya fita ya yi wa ƙofar sarawa.

Matar ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce za su dawo bayan damina da manyan baƙi a kafa allo a ƙofar gidan, a rubuta cewa gini ne na tarihi. Ta roƙi abu guda: kada a taɓa ginin, ko da tubali ɗaya ne.

Bayan tafiyarsu Gwaggo ta dubi Baffa ta ce, “Auta, ka dai ji. Gwamnati ta ce ka ci gaba da duƙawa.”

Kwana biyu Baffa yana zama a dakali yana kallon ƙofar kamar mai shirin sayenta. Ni ina gida a lokacin, an yi hutun makaranta na zo da yara. Wata safiya Gwaggo ta tafi suna garin Fakuwa, za ta kwana can. Motarsu ba ta gama ɓacewa ba na ga Baffa ya fito da diga da shebur da baro, 'ya'yansa samari suna biye da shi.

Babana ya ɗago daga karatunsa ya ce, “Mi za a yi?”

“Malam, cewa suka yi kada a taɓa gini,” in ji Baffa. “Ba su ce kada a taɓa ƙasa ba. Tun da an hana ni ɗaga sama, zan sauke ƙasa. Ɗan taƙi kaɗan zan rage, in samu in riƙa shiga gidan ubana kamar mutum.”

Babana ya yi nazari. Ya nemi inda maganar ta karkace bai samu ba. Ya ce, “To, a yi a hankali,” ya ɗauki buzunsa ya koma gindin darbejiya.

Suka fara daga waje. Da farko jar ƙasa ce da tsakuwa. Da suka ɗan nutsa sai toka ta fara fitowa, da fasassun tukwane, da ƙasusuwa, da wani tsohon takalmin roba. Ƙasa da wannan wata tokar ce kuma, sannan wani daɓe, sannan toka. Baffa ya yi niyyar tsayawa a nan, amma ya lura gefen ƙofar bai ƙare ba. Bangon yana ci gaba da sauka a miƙe, da shafensa na makuba sumul, har da zanen da maginan da suke yi, irin wanda ke saman ƙofar. Ya ce a ci gaba. Suka koma ta ciki suka tarar da abu ɗaya: daɓe a kan daɓe a kan daɓe, kamar an jera waina.

Wajen azahar diga ta bugi dutse. Suka share, sai ga dokin ƙofa na asali, shimfiɗaɗɗen dutse da ƙafafu suka cinye tsakiyarsa. A gabansa kuma ga matakala. Ashe a zamanin tsohon, hawa ake yi a shiga gidanmu. Ƙofar doguwa ce, mai faɗi da kwarjini, irin ta mutumin da yake so a san ya yi gini. Ba rowa, ba tawali'u, ba Bature. Mu ne muka binne ta. Matan gida suna zubar da toka da shara a bakin ƙofa, titi yana tasowa, duk damina maza su ƙara ƙasa don kada ruwa ya shigo, a ciki kuma a ƙara daɓe don a daidaita da waje. A hankali ƙasa ta haɗiye rabin ƙofar, ba wanda ya lura, kowa dai yana ƙara sunkuyawa kaɗan fiye da ubansa.

Ban taɓa ganin Baffa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya shiga ciki ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya ɗora hular da ta fi kowace tsawo a akwatinsa. Ya sauka cikin ramin, ya taka matakalar, ya shiga zaure a miƙe. Ya fito. Ya sake shiga. Ya fito ya tsaya a tsakiyar ƙofar ya ɗaga hannu ya shafa azarar ciki kamar mai yafe wa tsohon abokin gaba. Ko damuwa bai yi ba da cewa nasa labarin na rowa ya rushe tare da sauran.

Kafin la'asar rabin gari ya taru. Na ɗauka za a yi murna, amma fuskokin mutane kamar an yi musu sata. Dattawa suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa, kuma kowannensu da ya zo daidai ƙofar sai ya dafe hula ya duƙa wa iska. Wani ɗan kabu-kabu ya tambaya ko yanzu me za su riƙa ce wa fasinja. Mai shayin da ke tsallaken titi, wanda rabin cinikinsa na masu zaman kallon baƙi ne, ya ce shi dai bai ga amfanin tone-tone ba. Babana ya zo ya daɗe yana kallon zanen da ke ƙasan bangon, ya sa yatsa ya bi layinsa, ya ce, “Allah ya jiƙan magabata,” ya koma buzunsa.

Abin da kowa yake jira shi ne dawowar Gwaggo. Baffa har kujera ya sa aka fito masa da ita washegari, ya zauna a bakin ramin tun hantsi.

Ta sauka daga mota da ƙullin kayan suna a hannu. Ta tako har bakin ramin ta tsaya. Ta dubi tulin ƙasa, ta dubi matakala, ta dubi doguwar ƙofar daga sama har ƙasa. Ina tsaye kusa da ita, ina kallon fuskarta, kuma wallahi ko gira ba ta motsa ba.

“Yaya, sannu da hanya,” in ji Baffa, yana ta ƙoƙarin danne dariya. “Ga ƙofar Baturenki. Ta nan ya duƙa?”

Gwaggo ta miƙa mini ƙullin ta ce, “Alhamdu lillahi. Yau Allah ya fito da gaskiyata.”

“Wace gaskiya?”

“Kai yaro ne, Auta. Wa ya ce maka a gajarce ya gina ta tun farko? Mutum kamar kakanmu zai gina gajeruwar ƙofa? Doguwa ya gina, ga ta kuna gani. Da aka aiko cewa Bature na tafe, shi ne ya tara bayin Allah suka cike ta da ƙasa, ciki da waje, kafin ya iso. Ka ga aikin da kuka sha jiya ku da diga? To su da ƙwarya suka yi.”

Wani dattijo a cikin taron ya ce, “Ƙwarai, haka ya fi kama da hankali.” Sauran suka gyaɗa kai. Na ga fuskokin da suka yamutse jiya suna warwarewa.

Baffa ya miƙe. “Yaya, shekara nawa kina cewa a gajarce ya gina ta. Har a wayar matar nan kin faɗa.”

“Taƙaitawa na yi. Baƙuwa ce, tana sauri.”

“To tokar fa? Da fasassun tukwane? Da takalmin roba? Akwai takalmin roba a zamanin?”

“Mai gaggawa yana zaɓen abin da zai zuba a rami ne? Abin da hannu ya samu shi aka zuba. Takalmin kuwa naka ne, na gane shi, kai ka ɓatar da shi kana yaro aka yi maka duka.”

Taron ya fashe da dariya. Gwaggo ta tattare zanenta ta sauka ramin, ta hau matakalar, ta karkatar da kai yadda ta saba ta shige. Daga ciki muka ji tana tambayar wanda ya taɓa mata tabarma.

Kafin sati ya zagayo sabon labarin ya kai garin Ƙofa, ya kai Kafinsoli, ya dawo mana da ƙari. Mutane suka riƙa zuwa kallon ramin da aka cike saboda Bature. Baffa ya daina gardama. Ya ce su faɗi abin da suka ga dama, shi dai goshinsa ya huta. Makonnin nan har ƙiba ya yi.

Hutu ya ƙare na koma Kusada, amma ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ina gidan, na zo duba babana da ke fama da ƙafa. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Da ruwan ya sauko, duk abin da ya kwaranyo daga titi da lungunan unguwa bai ga wurin zuwa ba sai ramin Baffa. Kafin a ankara matakala ta nutse, dokin ƙofa ya nutse, ruwa ya cika zaure ya fara neman tsakar gida. Tabarmar Gwaggo ta taso tana yawo, ƙullin daddawa suna binta. Mu muna ciki, maza suna waje, tsakaninmu tafki.

Da ruwan ya ɗauke, dariya ba ta daɗe ba. Gindin bangon, wanda ya yi shekaru a binne a bushe, ya jiƙe sharkaf, makubar ta fara saɓulewa tana faɗowa. Babana ya dafa sanda ya zo ya duba, ya ce da Baffa a hankali, “Idan aka ƙara irin wannan, zauren zai kwanta.” Ban taɓa jin ya yi wa ƙanensa magana mai nauyin wannan ba.

Baffa bai jira an sake faɗa ba. Duk tsiyar da yake yi wa ƙofar, a zauren aka yi masa aski na suna, a nan aka sallaci ubansu. Ya tuɓe riga ya shiga ruwan da bokiti, samarin unguwa suka taya shi kwalfewa. Washegari ya sa aka kawo jar ƙasa a amalanken shanu, ya tsaya da kansa ana zubawa ana daɓewa, ciki da waje. Tsoro ya sa shi ƙara hannu. Duk lokacin da aka ce ya isa, sai ya ce a ƙara baro ɗaya saboda ruwa. Da aka gama, ƙofar ta koma yadda take, har ta fi da gajarta da kamar faɗin tafin hannu.

Wannan ɗan bambancin shi ya jawo mana abin kunya. Jikinmu tsohon awo ya sani. A satin nan babu ɗan gidan da azarar ciki ba ta gaisa da shi ba. Babana ya ƙumu. Matan gida suka ƙumu da tukwane a ka. Ni na ƙumu ina riƙe da jakar makaranta, har na ga taurari da rana tsaka. Cokalin Gwaggo bai huta ba. Ita kanta, da ta zo wucewa ta karkatar da kai kamar kullum, azarar ta tuɓe mata ɗankwali ta riƙe. Baffa yana dakali ya gani. Ya bari sai da ta gama ɗaurawa, sannan ya ce cikin tausayi, “Ayya, Yaya, a duƙa dai.” Kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Bayan girbi masu tarihi suka dawo kamar yadda suka yi alkawari, da motoci da baƙi da allon ƙarfe a lulluɓe da farin ƙyalle. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru. Da aka zo wajen ba da tarihin gidan a lasifika, aka ce namiji babba a gidan ya tashi. Ƙafar babana ta hana shi tsayuwa, ya nuna Baffa. Na dubi Gwaggo a cikin mata, na ga ta ƙura masa ido tana tauna goro a hankali.

Baffa ya karɓi makirufo ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba labari aka ba shi ba, da hannunsa ya tona ya gani. Ya kwatanta matakalar, da dutsen dokin ƙofa, da zanen da ke binne. Duk wannan gaskiya ne. Sai ya dubi jama'ar gari da suka cika titi suna kallonsa, ya dubi baƙin, ya ce ai kowa ya san dalilin da ya sa aka cike ta. Daga nan ya kama hanya. A bakin Baffa Turawan biyu ne. Mutanen gari suka kwana suna jigilar ƙasa, mata suna guɗa. Babban Baturen ya ɗago kai da wuri, azarar ciki ta same shi, kuma har ya koma ƙasarsu da tabo. “Irin wannan,” in ji Baffa, ya tura hula baya ya nuna goshinsa. Aka yi ta tafi. Matar mai gilashi tana ta rubutu.

Aka yaye ƙyallen allon. Abin da aka rubuta kaɗan ne: sunan gidan, da cewa tsohon gini ne na gargajiya da ya kamata a kiyaye. Ba Bature a ciki. Ba wanda ya damu, don yawancin masu ba da labarin ba allon suke karantawa ba. Aka gayyaci babban baƙo ya shiga ya gani. Gwaggo ta riga ta koma tabarmarta, kuma ta yi masa gargaɗi tun yana waje, har da na ta ciki, abin da ya nuna mana jawabin Baffa ya sa ta cikin yanayin yafiya.

Da yamma bayan an watse na same ta tana ƙirga abin da ya rage na daddawa a faifai. Na zauna kusa da ita na taya ta ƙullawa.

“Gwaggo, tsakaninki da Allah, kin san da matakalar nan?”

“Matakala ban santa ba,” ta ce. “Amma ina yarinya babanmu ɗan rusunawa kawai yake ya wuce. Kuma tokar da Auta ya tono, da yawa ni na zuba ta. Kullum da safe aikina ke nan, innarmu ta ce in kai bola, ni kuma in ga nisa in juye a bakin ƙofa in tattake.”

“To Baturen fa?”

“An ce wani Bature ya taɓa zuwa garin nan.”

“Ya shigo gidanmu?”

“Ina zan sani, ɗiyata? Ba a haife ni ba.” Ta ɗaure bakin leda da haƙori ta jefa a faifai. “Amma kin ji Auta yau? Turawa biyu. Ni shekara da shekaru ina lallaɓa guda ɗaya, shi rana ɗaya ya ƙaro wani. Yaron nan ba ya tsoron Allah.”

Ta tura mini faifan ta ce in kai mata ciki, in kuma ce wa matan gida su ɗora ruwan tuwo, baƙi sun cinye abincin rana kaf.